Kai Ƙarar Ɗan Makaranta ga Hedimasta a Karkarar Arewacin Kano

Kowane malami da ya daɗe yana koyarwa ya san akwai ranar da yaro ya kan fi ƙarfinsa. Ya yi tsawa, ya yi nasiha, ya sake masa wurin zama, duk a banza, sauran yara kuwa sun bar kallon allo sun zuba ido su ga yadda za a ƙare. A wannan hali ba abin da ya rage wa malami sai ya fitar da maganar daga aji ya kai ta gaba. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda a ke yin haka a makarantun firamare na karkarar arewacin Kano, da wanda ya shata hanyar da a ke bi, da kuma matsayin ƙungiyar malamai a cikin sha'anin. Dalilin binciken kuwa shi ne, da yawa daga littattafan riƙon aji da a ke karantawa a kwalejojin horon malamai an rubuta su ne a Amurka da Ingila, inda wannan hanya ta ke a rubuce, ko dai a cikin doka, ko a cikin yarjejeniya tsakanin ƙungiyar malamai da hukumar da ta ɗauke su aiki. Ɗalibi ya kan haddace wannan ya ci jarrabawa, sa'an nan a tura shi wata makaranta a ƙasar Ɗambatta ko Makoɗa, ya tarar ba haka abin ya ke ba.

Ƙasar da zaman mutanenta

Ƙasar da a ke magana a kanta ita ce wadda ta tashi daga bayan ganuwar birnin Kano ta yi arewa, ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa. A 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka yi rubutu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan ƙasar da ta kewaye Kano, suka nuna mutane sun cika ta ƙwarai har ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an nome ta, a riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni. Gidaje kuma ba duka ne su ke dunƙule cikin gari ba, da yawa a warwatse su ke a tsakiyar gonaki.

Abu biyu su ke biyo bayan irin wannan zama, kuma dukansu sun shafi aji. Na farko, kowa ya san kowa. Malamin aji ko dai ɗan garin ne, ko baƙo ne da aka ba shi shago a ƙofar gidan wani. Mai yiwuwa kakan yaron ne limamin da ya ke ba shi salla, mai yiwuwa kuma gonar da ya ke nomawa da la'asar aron uban yaron ce. Saboda haka ƙarar yaro ba ta tsayawa a ofis, kafin magariba ta kai dandali. Na biyu, yaro a nan ma'aikaci ne a gidansu. Zangon karatu na uku ya kan haɗu da shuka da noman fari, na ɗaya kuma da girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake. Tun da ya ke da damina dabbobi a ɗaure su ke a turke, don babu filin kiwo, dole wani ya yiwo musu ciyawa, wannan wanin kuwa galiban yaro ne. Wanda ya iso makaranta da hantsi yana gyangyaɗi, ko yarinyar da ta sulale ana tsakiyar darasi don tallan da aka ɗora mata, ba lalle ba ne raini ya sa su. Malamin da bai rarrabe wannan da rashin ji ba zai cika ofis da ƙararrakin da hedimasta ba zai iya yin kome a kansu ba, domin wanda ya kamata a kira ya gyara, watau uban yaron, shi ne ya aike shi.

Kalmomin da a ke amfani da su

Ya kamata a dakata a kan kalmomi, domin su ne su ke nuna yadda mutane suka ɗauki abin. Hausa ba ta da kalma guda wadda ta tattara dukan yaran da su ke hana karatu gudana. Abin da ta ke da shi tsani ne mai hawa-hawa. A ƙasa akwai ƙiriniya, watau rashin natsuwar ƙaramin yaro, wadda ba a ɗaukarta laifi, har a kan yi mata dariya. Akwai surutu, wanda monita ya ke rubuta sunayen masu yinsa. Sama da su akwai rashin ji da taurin kai, watau an faɗa an maimaita yaro bai bari ba. Akwai cin zali da neman faɗa, waɗanda su ke tsakanin yaro da 'yan'uwansa. Sa'an nan akwai rashin kunya da tsaurin ido, waɗanda ba a cika faɗinsu ba sai in an yi wa na gaba. A ƙoli kuwa akwai kangara da gagara. In an ce yaro kangararre ne ko gagararre, ma'ana ya wuce malami, ya wuce hedimasta, har iyayensa sun sallama.

Wanda ya lura da wannan tsani zai ga ba asarar karatu ya ke aunawa ba. Girman wanda aka ƙi jin maganarsa ya ke aunawa. Yaron da ya ke surutu tun safe har tashi, ya hana yara talatin jin darasi, laifinsa ƙarami ne a idon jama'a, da wuya a kai shi ofis. Wanda ya mayar wa malami magana sau ɗaya tak, ko da shi ne ya fi kowa ƙoƙari, nan take za a tisa ƙeyarsa. Littattafan Amurka kuwa da ƙa'idodinsu sun fi dogara a kan tambaya guda, ko halin yaron ya hana malami koyarwa ya hana yara koyo. Ma'auni biyu ne dabam, kuma malamin kwaleji da ya fassara kalmar Ingilishi da «kangararre» ya riga ya karkatar da ɗalibansa tun ba su shiga aji ba.

Haka nan sunan aikin kansa. Malami ya kan ce ya kai ƙarar yaro, ko ya kai rahotonsa, ko ya miƙa shi, ko kuwa ya yi masa barazana ya ce zai haɗa shi da hedimasta. Wadda ta fi yawa a baki ita ce ƙara, ƙara kuwa kalmar majalisar alƙali ce. Inda akwai ƙara akwai mai ƙara, da wanda a ke ƙara, da shaidu, da mai yanke hukunci. To, da zarar malami ya kai ƙara, ya sauko daga kujerar mai horo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da yaro a gaban wani, kuma wanin nan yana iya ba yaron gaskiya. Wannan shi ya sa tsofaffin malamai su ke ƙyamar abin, su kan gwammace su gama da yaro a cikin aji ko ta halin ƙaƙa. Ban da haka, malamin da ya yawaita kai ƙara a kan ce ya kasa aji, kuma wannan suna in ya kama mutum ba ya sakinsa da wuri. Kalmar horo ita ce ta fi dacewa da abin da makaranta ta ke nufi, domin ita ce a ke faɗa wa doki da ɗan koyo, ita ce kuma ta ke cikin sunan kwalejin horon malamai. Amma a bakin yara horo da bulala sun zama abu guda.

Matakan da a ke bi

Ko da ya ke makarantu sun sha bamban, matakan kusan ɗaya ne. Monita ya rubuta suna ya ba malamin aji. Malami ya yi abin da zai iya: faɗa, durƙuso, kamun kunne, shara, ɗebo ruwa. In bai yi ba, a babbar makaranta a kan bi ta wurin malamin da aka ɗora wa kula da ɗa'a, ko mataimakin hedimasta. A ƙaramar makarantar ƙauye mai malamai uku ko huɗu babu waɗannan, daga aji sai ofis, in ma akwai ofis ɗin. Sau da yawa hedimasta shi ma yana riƙe da aji, sai ya bar nasa yaran ya saurari ƙarar na wani.

Ƙa'idar da aka gada tun zamanin Turawa ita ce, bulala ta hedimasta ce ko wanda ya wakilta, kuma a kan rubuta a littafin horo: sunan yaro, da laifinsa, da adadin bulalar, da kwanan wata. Wannan littafi yana cikin littattafan da a ke koya wa ɗaliban kwaleji cewa wajibi ne kowace makaranta ta ajiye, tare da rajista da littafin tarihin makaranta. Amma a lura, abin da ya ke shiga cikinsa hukunci ne. Ƙarar kanta, watau abin da malami ya gani, da abin da ya gwada kafin ya kawo yaron, da baki a ke faɗinta, a tsaye, yaro yana kuka, wasu suna leƙe ta taga. Ba ta barin wata alama a takarda.

In abin ya wuce ofis, sai a ce yaro ya zo da mahaifinsa. Uwa ba ta cika zuwa ba, musamman inda a ke kulle, sai dai ta aiko kaka ko wan yaron. Daga nan magana ta kan fita daga hannun makaranta ta shiga hannun gari, a nemi mai unguwa ko liman, in ta yi tsanani a kai wa dagaci. Wannan ba sabon abu ba ne. A zamanin En'e, hakimai da dagatai su ne a ke ɗora wa nauyin samo yaran da za a sa a makarantar elementare, kuma in yaro ya gudu, dagaci ne zai nemi ubansa. Watau hanyar ƙarar ɗan makaranta ta bi hanyar haraji ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da shirin ba da ilmin firamare kyauta da aka ƙaddamar a shekarar, sun sake fasalin mulkin makarantu, amma jama'a ba su bar tsohuwar hanya ba. Kwamitocin gudanar da makarantu da aka kafa a 'yan shekarun bayan 2005, waɗanda su ke haɗa iyaye da malamai da shugabannin gari, a wurare da yawa tsohuwar majalisar ce aka ba ta sabon suna da littafin rubuta abin da aka tattauna.

Mataki na ƙarshe shi ne ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, wanda ya ke ƙarƙashin hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha. Da wuya ƙarar yaro ta kai can. Abin da ya fi kaiwa can shi ne ƙarar malami, in uban yaro ya fusata.

Alal misali, a ɗauka wani yaro ne ɗan aji biyar, ya girmi 'yan ajinsa da shekara uku domin ya yi gabas neman karatu kafin a sa shi boko. Yana ƙwace wa ƙanana fensir, yana kwaikwayon muryar malama. Malamar kuwa sabuwar fitowa ce, daga birni ta ke zuwa kullum a mota. Ta kai shi ofis. Hedimasta ya san uban yaron shi ne ya ba da buhun siminti aka gyara daɓen aji ɗaya, ya san kuma in aka matsa wa yaron za a cire shi a mai da shi kasuwa. Sai ya yi masa faɗa, ya sa shi ya ba da haƙuri, ya ce ya koma aji. Kafin a buga ƙararrawa yaro ya komo mazauninsa yana murmushi. Ba a gaya wa malama abin da aka yanke ba, ba a rubuta kome ba. Ba za a ce hedimasta ya yi zalunci ba, gama ya ceci karatun yaro guda. Amma yara sittin sun ga an kai ƙara ba abin da ya faru, malama kuwa ba za ta sake kai wata ba. Nan gaba ko dai ta ɗauki bulala da kanta, ko ta zuba ido.

Abin da doka ta ce

Doka ta yi magana a kan duka fiye da yadda ta yi a kan ƙara. Sashe na 55 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ce ba laifi ba ne malamin makaranta ya hori yaron da aka danƙa masa wanda bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Majalisar rajistar malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993, ta hana malami dukan ɗalibi a cikin ƙa'idodinta na ɗa'ar aiki, sai in hukumar makaranta ce ta ba da izini. Dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003 ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi, Jihar Kano kuma ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023. Ke nan hannun malami ana ta ɗaure shi, kuma daidai ne a ɗaure shi, amma ba a buɗe masa wata ƙofa a rubuce ba wadda zai bi in ya ajiye bulala.

Kora ma ba mafita ba ce. Dokar ilmin bai ɗaya ta Tarayya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu a firamare da ƙaramar sakandare, har ta tanadi gargaɗi a karo na farko, da tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a na biyu. Gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Hedimastan da a ke auna aikinsa da yawan yaran da ya shigar ba zai yi marmarin korar ko ɗaya ba. In ma ya kora, babu wata makaranta ta musamman da za ta karɓi yaron, sai gona, ko tasha, ko kasuwar Dawanau. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami guda ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa azuzuwan karkarar Kano ya san a wurare da yawa an ninka wannan, kuma a cikin irin wannan cunkoso ƙiriniya ma ta kan zama fitina.

Ƙungiyar malamai

An kafa ƙungiyar malamai ta Nijeriya, NUT, a 1931, shugabanta na farko shi ne Rabaran I. O. Ransome-Kuti. A Arewa kuwa Malam Aminu Kano da abokansa ne suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, bayan komowarsa daga karatu a London, aka haɗe biyun a 1972. Tun daga farko har yau gwagwarmayar ƙungiyar a kan albashi ta fi tsayawa, da ƙarin girma, da fansho, da kuma tambayar wa zai riƙe kuɗin malaman firamare. Wannan tambaya ta sha juyi: a 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka mayar wa ƙananan hukumomi, a 1993 aka maido ta. Yajin aikin 2008 ya ƙare da yarjejeniya da gwamnoni a kan ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Ba mai zargin ƙungiya a kan wannan fifiko, domin malamin da bai ga albashi ba ba ya da natsuwar yin zancen riƙon aji. Amma abin lura shi ne, waɗannan yarjejeniyoyi da gwamnatoci a ke ƙulla su, a Abuja ko a babban birnin jiha, kuma zancensu kuɗi ne. Abin da ya ke tsara aikin malami na yau da kullum shi ne ƙa'idodin aikin gwamnati da takardun umurni da hukuma ta ke aikowa, waɗannan kuwa daga sama su ke saukowa, ba cinikinsu a ke yi ba.

Akwai wani dalili kuma wanda ba a cika ambatarsa ba. Hedimastan firamare malami ne da aka ɗaga, ɗan ƙungiyar ne kamar malamin aji, ana cire masa kuɗin ƙungiya daga albashi kamar kowa, kuma ba abin mamaki ba ne a same shi cikin shugabannin reshe. Ko da ya ke hedimastoci suna da tasu ƙungiyar, ba su fita daga uwar ba. Saboda haka in malama ta ce hedimasta ya yi watsi da ƙarar da ta kai, wakilin ƙungiya ba ma'aikaci da maigida ya ke gani ba, 'ya'yansa biyu ya ke gani, sai ya yi sulhu ya ce harshe da haƙori ma a kan saɓa. Inda ƙungiya ta kan tashi tsaye shi ne in wani daga waje ya taɓa malami, kamar uba ya shigo makaranta ya ci mutuncinsa, ko a kai shi wurin 'yan sanda, ko a yi masa canjin wurin aiki don huce haushi. Watau tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku.

Yadda a ke yi a wasu ƙasashe

A Amurka makarantun gwamnati suna ƙarƙashin hukumomin gunduma ne, kuma a jihohi da yawa reshen ƙungiyar malamai ya kan zauna da hukumar gundumarsa su ƙulla yarjejeniya ta 'yan shekaru. Wadda malaman birnin New York suka samu a 1962 ita ce ta buɗe wa manyan birane hanya. Shugaban makaranta a can ɓangaren hukuma ya ke, ba ya cikin waɗanda yarjejeniyar malamai ta rufe. Irin waɗannan yarjejeniyoyi da yawa suna da babi a kan yaron da ya hana karatu. Galiban abin da babin ya ƙunsa shi ne, malami yana da ikon fitar da yaro ya tura shi ofis, ya bi shi da bayani a rubuce. Shugaba ya ba malami amsa a cikin ƙayyadadden lokaci. Kada a maido yaron sai an sanar da malami abin da aka yi, wani lokaci sai an zauna da iyaye. In shugaba ya saɓa, malami ya kai kuka ta hanyar ƙungiya, mataki-mataki, har zuwa mai sasantawa daga waje.

A wasu jihohi doka ce ta ɗauki wannan nauyi. A Texas, inda ba a yarda ma'aikatan gwamnati su ƙulla irin wannan yarjejeniya ba, dokar ilmi ta 1995 ta ba malami ikon fitar da yaron da ya nace wa hana karatu, ta kuma ce kada shugaba ya maido shi ajin ba da yardar malamin ba, sai in wani kwamiti na mutum uku, biyu daga cikinsu zaɓin malamai, ya ga babu wani wuri da ya fi. Jihar New York ta yi doka mai kama da wannan a 2000. A Ingila kuwa, inda aka hana duka a makarantun gwamnati tun 1987, shugaban makaranta kaɗai ke da ikon dakatar da yaro ko korarsa.

Ba a kawo waɗannan don a kwafa ba. Tsarin Amurka ya ginu ne a kan abubuwan da makarantar ƙauyen Makoɗa ba ta da su: ɗaki na musamman da za a ajiye yaro, da ma'aikacin da zai zauna da shi, da wata makaranta da za a mai da shi in abin ya ƙi. Kuma su kansu sun gano aibinsa, domin ƙididdigar gwamnatinsu ta sha nuna cewa 'ya'yan baƙar fata da yara masu naƙasa a kan fi fitar da su fiye da sauran. Ikon fitarwa in ya zama da sauƙi, ɗan marar galihu ne ya kan fara shan sa. A karkarar Kano ma da an ba da shi haka kawai, ba ɗan mai buhun siminti zai taɓa ba.

Komowar yaro

Abin da ya cancanci aro daga can ba ikon fitar da yaro ba ne, gama malamin Kano yana da wannan tun da daɗewa, ba mai hana shi ya ce wa yaro tashi mu je ofis. Abin da ba shi da shi shi ne tabbacin abin da zai faru bayan nan. A nan ne tsarin gida ya ke da rauni, a nan ne kuma ya ke da wani ƙarfi da na waje ba shi da shi. Ƙarfinsa shi ne, hedimasta yana iya aikawa a kira uba da mai unguwa da liman su hallara a hantsi guda, kuma maganarsu tana da nauyi a kunnen yaro fiye da kowace takarda. Rauninsa kuwa, duk wannan ya rataya ne a kan halin hedimasta da matsayin malami a gari. Tsohon malami ɗan gari in ya kai ƙara a kan saurare shi. Baƙo, da mace, da sabon fitowa, su ne a kan bari da hamma, kuma su ne suka fi bukatar goyon baya.

Rubutu shi ne zai rage wannan bambanci, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi. Littafi guda ya isa, a raba kowane shafi uku: abin da malami ya gani da abin da ya gwada, abin da yaro ya ce, abin da hedimasta ya yanke. Malami ya karanta kashi na uku ya sa hannu kafin yaro ya koma mazauninsa. Kashi na biyu ba ado ba ne, domin a nan ne za a gane yaron da ciyawar tumaki ta makarar da shi, da wanda ba ya ganin allo, da wanda yunwa ta hana shi zama. In sunan yaro ya fito sau uku, a kira uba tare da wani daga kwamitin makaranta. In sunan malami guda ya cika littafin, shi ma wannan labari ne, kuma mai duba makarantu zai san inda zai kai taimako. Reshen ƙungiya na ƙaramar hukuma yana iya neman sakataren ilmi ya fitar da wannan a takardar umurni, ba sai an jira Abuja ba, kuma da ya ke hedimastoci 'yan ƙungiyar ne, abin da ya hana ta shiga tsakani shi ne zai sauƙaƙa mata shawo kansu.

Kwalejojin horon malamai kuwa suna da nasu rabo. A kan koya wa ɗalibi yadda zai tsara darasi da yadda zai cika rajista, amma da wuya a sa shi ya rubuta bayanin halin yaro cikin layi biyar na Hausa, ba zagi, ba ƙari, ya ce yaro ya ƙwace fensirin wane da wane a darasin lissafi ranar Talata, maimakon ya ce yaron nan ba ya ji. Wannan abu ne da za a iya gwadawa a lokacin koyon aiki, a makarantun da su ke kewaye da kwalejin Bichi, mai duba ɗalibi ya karɓi rubutun ya gyara shi kamar yadda ya ke gyara tsarin darasi.